Ƙurar Wata: Tarihin Tsoro, Wahala da Gardama

Daga Alƙahira zuwa taswirar 1651

Gardama a kan abin da ke shimfiɗe a doron wata ta girmi kumbo da ƙarnuka masu yawa. Masana falsafar da suka bi koyarwar Aristotle sun ɗauka duk abin da ke sama sumul yake, ba tabo ba kwarzane, saboda haka baƙaƙen alamun da kowa ke gani a fuskar wata daren sha huɗu suka zame musu ƙarfen ƙafa. Wasu suka ce hoton tekuna da ƙasashen duniya ne ke bayyana a jikinsa, wasu suka ce wani tururi ne ya gitta tsakaninmu da shi. A ƙarni na 11, Ibnul Haisam, wanda ya yi zamansa a Alƙahira, ya rubuta maƙala a kan wannan tabo, ya bi zantukan nan ya warware su, ya tsaya a kan cewa tabon a jikin watan yake. Da hoto ne ko tururi, in ji shi, da ya riƙa sauya wuri da kamanni, ga shi kuwa kullum yadda yake.

A ƙarshen 1609 Galileo ya saita madubin hangen nesa ya ga tsaunuka da ramuka, ya wallafa abin da ya gani a 1610. A 1651 wani malamin Italiya, Giovanni Riccioli, ya fitar da taswirar da ta raɗa wa baƙaƙen filayen nan sunayen tekuna, ciki har da Tekun Natsuwa. Babu ɗigon ruwa a cikinsu. Narkakken dutse ne ya malalo ya daskare fiye da shekaru biliyan uku da suka wuce. Sai dai madubi, komai ƙarfinsa, ba zai gaya maka ko ƙasar da kake hange za ta ɗauki nauyin mutum ba.

1955: ƙurar da za ta haɗiye kumbo

A 1955 wani masanin taurari haifaffen Austriya, Thomas Gold, wanda daga baya ya koma Jami'ar Cornell ta Amurka, ya fito da ra'ayin da ya tayar wa mutane hankali har shekara goma. Wata ba shi da iskar da za ta ƙone duwatsun sama kafin su iso, don haka shekaru biliyoyi ke nan manya da ƙanana suna dukan fuskarsa suna niƙa ta. Garin da aka niƙa dole ya taru wani wuri. Gold ya ce hasken rana na ɗora wa ƙwayoyin garin cajin lantarki, su riƙa tsalle suna gangarawa daga tuddai zuwa kwaruruka har su cika su. In haka ne, tekunan nan tafkunan ƙura ne masu zurfi, kuma duk abin da ya sauka a kai yana iya nutsewa.

Yawancin masana duwatsu, irin su Eugene Shoemaker, ba su yarda da shi ba. Amma ba wanda ke da hujjar da za ta rufe bakin Gold, kuma maganar ta fita daga ɗakunan bincike ta shiga gari. A 1961 marubuci Arthur C. Clarke ya fitar da ƙagaggen labari na wani jirgin 'yan yawon buɗe ido da ƙurar wata ta binne. Lokaci ya nuna Gold ya yi kuskure a kan zurfi da laushin ƙurar, amma a batun cajin lantarki ya riga mutane da yawa hango gaskiya, abin da ba a cika ambata ba in ana yi masa dariya.

1957 zuwa 1968: tsere, da na'urorin da suka share hanya

Abin da ya mai da tambayar Gold ta gaggawa shi ne yaƙin cacar baka. Ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, ranar 12 ga Afrilu 1961 kuma Yuri Gagarin ya zagaya duniya. Amurka ta ji kunya. Ranar 25 ga Mayu 1961 Shugaba Kennedy ya tsaya gaban majalisa ya ce ƙasarsa za ta kai mutum wata ta dawo da shi lafiya kafin shekarun 1960 su ƙare. Ƙasar Hausa ma ta taɓa wannan tsere: cikin tashoshin da hukumar NASA ta kafa a sassan duniya don bin sawun kumbunanta na farko, ɗaya tana Kano, kuma tana cikin waɗanda suka yi magana da John Glenn sa'ad da ya zagaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu 1962.

Injiniyoyin kamfanin Grumman, da aka ba aikin ƙera kumbon sauka, sun fara zana ƙafafunsa ba tare da sanin abin da za su taka ba. Suka yi musu faffaɗan tafi don rage nutsewa. A Yulin 1964 kumbon Ranger 7 ya aiko da hotuna fiye da 4,000 kafin ya tarwatse a doron wata, amma kowane ɓangare ya ga abin da yake so a cikinsu. Rashawa ne suka raba gardamar. Ranar 3 ga Fabrairu 1966 Luna 9 ya sauka lafiya, ya zauna daram, ya aiko da hoton ƙasa mai tsakuwa. Ranar 2 ga Yuni Surveyor 1 na Amurka ya biyo baya, ƙafafunsa suka nutse 'yan santimita kawai. A Afrilun 1967 Surveyor 3 ya miƙa ƙaramin hannunsa ya tona ƙasar, aka ga sama-sama gari ne mai laushi, amma da an ɗan nutsa sai ta yi tauri.

Na'urorin Surveyor na ƙarshe sun bar wani abin ɗaure kai. Bayan faɗuwar rana, kyamarorinsu sun ɗauki wani siririn haske a gefen sararin yamma. A duniyar da ba ta da iska, me ke riƙe hasken rana bayan ta faɗi? Amsar da aka fi kawowa ita ce ƙura ce caji ya ɗan ɗaga sama da ƙasa.

20 ga Yuli 1969

Apollo 11 ya tashi daga Florida ranar 16 ga Yuli 1969 ɗauke da Neil Armstrong, Edwin Aldrin da Michael Collins. Ranar 20 ga wata, da ƙarfe 9:17 na dare agogon Najeriya da Nijar, Armstrong da Aldrin suka sauka a Tekun Natsuwa. Ƙura ta tarbe su tun ba su taɓa ƙasa ba. Da suka matso, wutar injin ta soma sharar garin ƙasa yana fita ta kowace kusurwa a shimfiɗe, har Armstrong ya sha wahalar gane ko kumbon na zamewa gefe, sai da ya riƙa kafa ido a kan manyan duwatsun da ke leƙowa ta cikin ƙurar. Man da ya rage musu bai kai na minti ɗaya ba. Abin da ya ba shi mamaki, kamar yadda ya bayyana daga baya, shi ne da aka kashe injin, nan take fili ya washe. Ƙurar ba ta tsaya tana yawo ba, ta wuce abinta.

Da Armstrong ya sauko daga tsani ya ba da rahoton cewa ƙasar gari ce mai laushi, tana manne wa takalminsa, sawunsa bai yi zurfi ba amma ya fito raɗau. Sun yi kusan awa biyu da rabi a waje, suka kwaso kilo 21 da rabi na duwatsu da ƙasa. Da suka koma ciki suka cire hulunan kwano, sai wani wari ya buge su. Aldrin ya kwatanta shi da na albarushin da aka harba, Armstrong da na jiƙaƙƙiyar toka. Sun mayar da hulunansu kafin su kwanta, don gudun shaƙar abin da ke yawo a ɗakin.

A waje kuwa sun bar na'urar auna girgizar ƙasa, a jikinta da wata 'yar ƙaramar na'ura da masanin Ostareliya Brian O'Brien ya ƙirƙira don auna taruwar ƙura. Da kumbon ya tashi, abin da wutarsa ta watso ya sauka a kan na'urar girgizar, zafinta ya haura, ba ta daɗe tana aiki ba.

1969 zuwa 1973: shekarun wahala

A Nuwambar 1969 Pete Conrad da Alan Bean suka sauke Apollo 12 kimanin mita 160 daga Surveyor 3, wanda ya shekara biyu da rabi a zaune. Ƙurar ta fi ta farko yawa, har Conrad ya ƙarasa saukar da taimakon ma'aunansa fiye da idonsa. Suka taka zuwa tsohuwar na'urar, suka yanko kyamararta da wasu sassa suka kawo gida. A ɗakin bincike aka ga gefen da ke fuskantar inda suka sauka ya goge, ga ƙananan ramuka, wato garin da injinsu ya watsa ya yi tafiyar mita 160 ya kankare shi. Da su biyun suka dawo babban kumbon da ke zagaya wata, Richard Gordon ya dube su ya ga yadda suka yi buɗu-buɗu, ya ce sai sun tuɓe kafin su shigo masa.

Apollo 13 bai samu sauka ba a 1970. Apollo 14 ya sauka a Fabrairun 1971. Daga Apollo 15, a Yulin shekarar, aka soma zuwa da ƙaramar mota mai batir, zama ya tsawaita zuwa kwana uku, wahalar ƙura ta ninka. A Disambar 1972, a tafiyar ƙarshe, gudumar da ke aljihun Eugene Cernan ta maƙale ta ɓalle makarin ƙura na bisa tayar baya. Ba a yi nisa ba garin ƙasa ya riƙa zubo musu a kai, ya lulluɓe kayan aiki, ya rufe wuraren da batir ke fitar da zafi. Washegari, bisa shawarar da aka aiko daga cibiyar NASA da ke Houston, suka haɗa taswirori huɗu da salatif mai ƙarfi, suka maƙale su da matsen fitila. Wannan makarin wucin gadi yana gidan tarihi a Washington har yau.

A rana ta uku zif ya soma cijewa, mahaɗin safar hannu ya yi tauri, gilashin hula da fuskar ma'aunai sun kwarzane. Burushin da aka ba su yakan ƙara cusa garin cikin yadi ne. Harrison Schmitt, masanin duwatsu ɗaya tilo da ya taka wata, ya kamu da atishawa da toshewar hanci da ƙaiƙayin maƙogwaro bayan ya shaƙa. Da suka dawo Cernan ya shaida wa hukumar cewa a ganinsa ƙura na cikin manyan abubuwan da za su hana aiki ya tafi daidai a wata. Rashawa ma sun ɗanɗana: a 1973 motarsu marar direba, Lunokhod 2, ta kwaso ƙasa a murfinta cikin wani rami, ƙasar ta zube a kan mafitar zafi, motar ta yi zafi ta mutu.

A taƙaice, sauka shida, mutum goma sha biyu, kilo 382 na duwatsu da ƙasa.

Me ya sa take mannewa haka?

Da aka sa garin ƙarƙashin madubin ƙara girma, dalilin farko ya bayyana. Yashin duniya ruwa da iska sun daɗe suna mirgina shi har gefensa ya dakushe. A wata ba mai dakushe komai. Kowace ƙwaya tana nan da kaifinta na ranar da aka fasa ta. Ƙananan duwatsun sama na faɗowa da gudun kilomita masu yawa cikin daƙiƙa ɗaya, su narkar da wurin da suka daka, narkakken ya daskare ya zama gilashi mai ƙahonni da ƙugiyoyi, ya haɗe gutsattsarin ma'adinai wuri ɗaya. Irin wannan ƙwaya in ta shiga saƙar yadi ba ta fita ta daɗi. Wannan shimfiɗa ta kai kimanin mita huɗu zuwa biyar a tekuna, ta fi haka a tsaunuka, amma in ka wuce 'yan santimita na sama a danƙare take.

Na biyu shi ne wanda Gold ya hango. Da rana, kaifin hasken da ba abin da ya tace shi yana fizge ƙwayoyin lantarki daga garin, ya bar shi da caji iri ɗaya. A ɓangaren dare kuwa, iskar rana, wato ƙwayoyin da rana ke fesowa, tana ɗora masa kishiyar wancan. Tafiyar mutum da juyawar taya na ƙara wani cajin ta hanyar gogayya. A duniya laimar iska kan kwashe irin wannan caji, a wata kuwa ba inda zai tsiyaye. Ƙwaya mai caji in ta haɗu da roba ko gilashi ko yadi, sai ta liƙe.

Na uku ƙanƙanta ce. Kaso mai yawa na garin bai kai kaurin gashin kai ba, wani ma ido ba ya ganinsa. In abu ya yi ƙanƙanta haka, nauyinsa ba ya kai ƙarfin da ke jan fuska biyu tsaftatattu su manne, balle a wata inda nauyin komai kashi ɗaya ne cikin shida na nauyinsa a duniya. Ƙari a kan haka, cikin gilashin akwai ɗigon baƙin ƙarfe ƙanana ƙwarai, har maganaɗisu na iya jan garin. Likitoci kuma na tsoron kaifinsa ya yi wa huhu irin ɓarnar da ƙurar dutse ke yi wa masu fasa shi, in zama ya yi tsawo.

1976: shakku ya sami littafi

Tun daren saukar farko akwai waɗanda ba su yarda ba, a Amurka da wajenta. Amma sai da yanayi ya sauya shakkun ya yi jijiya. A 1971 aka fallasa takardun sirri da suka nuna gwamnatocin Amurka sun yi wa jama'arsu ƙarya a kan yaƙin Biyetnam. A 1974 badaƙalar Watergate ta kori Shugaba Nixon, mutumin da ya yi magana da Armstrong ta waya daga Fadar White House. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ban ga laifin wanda ya ce gwamnatin da ta yi ƙarya can za ta iya yi a nan ba. Sai dai iya yin ƙarya daban, yin ta daban.

A 1976 Bill Kaysing, wanda ya yi aikin rubuce-rubuce a kamfanin injin roka na Rocketdyne daga 1956 zuwa 1963, ya wallafa littafin da ya ce ba a taɓa zuwa wata ba, a hamadar Nevada aka shirya komai. Ba da jimawa ba fim ɗin Capricorn One ya fito da labarin tafiyar bogi zuwa duniyar Mars. Ana kuma cewa Stanley Kubrick, wanda ya yi shahararren fim ɗin sararin samaniya a 1968, shi aka ɗauka ya shirya hotunan Apollo. Wannan faɗe ne kawai, babu takarda ko shaida ɗaya da ta goyi bayansa. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a 1999 ta samu kashi 6 cikin ɗari na Amurkawa na shakka. A Fabrairun 2001 tashar Fox ta nuna shirin da ya kai hujjojin Kaysing gidajen miliyoyin mutane, intanet kuma ta karɓa daga nan. A Satumbar 2002 Aldrin, yana da shekara 72, ya naushi Bart Sibrel, wani mai shirya fim da ya tare shi yana kiransa maƙaryaci.

A ƙasashen Musulmi shakkun ya bi wata hanya, ta tambayar ko ɗan Adam na iya kai wa wata tun asali. Shaihu Ibn Baz na Saudiyya ya yi rubutu a kai, ya ce babu nassin da ya hana yiwuwar haka, ya kuma yi kira da a tabbatar da labari kafin a gaskata ko a ƙaryata. Daga baya wani labarin ya bazu, wanda har yau ana ji a majalisu: wai Armstrong ya ji wani sauti a wata, bayan shekaru ya ji kiran salla a Alƙahira ya gane shi ne, ya musulunta. Armstrong ya musanta, kuma a 1983 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwar ƙaryata zancen. Abin dariyar shi ne, sau da yawa bakin da ke ba da wannan labari shi ne ke rantsuwa ba a je watan ba.

Hujjojin ƙura da amsoshinsu

Ƙura ta samu babban gurbi a hujjojin masu shakka, kuma a nan ne nake ganin sun fi rauni, domin da idon duniya suke auna abin da ba na duniya ba. Kowa ya san abin da ke biyo bayan babbar mota a hanyar burji lokacin hunturu: gajimaren ƙura ya tashi, ya yi ta yawo, ya sauka a hankali a kan ganye da tufafi da gilashin motar baya. Iska ce ke riƙe shi. Cire iskar, kowace ƙwaya, komai ƙanƙantarta, za ta tafi kamar dutsen da aka jefa, ta yi lanƙwasa ɗaya ta faɗi.

Daga nan amsar tambayar da aka fi yi take fitowa: in ƙurar na mannewa haka, me ya sa tafin ƙafafun kumbon Apollo 11 ke ƙyalli a hoto? Domin ƙura sai ta iso wuri take manne masa. Wutar injin ta kore ta waje ne a miƙe, da gudun da ake kiyasin ya haura kilomita ɗaya cikin daƙiƙa ga mafi ƙanƙanta, kuma babu iskar da za ta juyo da ita ta zuba a kan ƙafafun. Shaidar inda ta tafi tana jikin Surveyor 3. Wuraren da ƙura ta taɓa kuwa a bayyane suke: fararen rigunan 'yan sama jannatin sun yi baƙi daga takalmi har gwiwa, kuma akwai hoton Cernan cikin kumbo fuskarsa duk dauɗa.

Sai batun rami. Ana tambaya, ina ramin da injin ya kamata ya haƙa ƙarƙashin kumbon? A lokacin sauka kumbon ya kai kimanin tan bakwai, wanda a wata bai wuce nauyin kilo 1,200 da 'yan kai ba, kuma an rage wutar injin daidai da hakan. Bakin injin ya kusa mita ɗaya da rabi, hayaƙinsa kuma na bazuwa nan take tun da ba iskar da za ta matse shi. Ya share garin sama, ya tarar da ƙasa mai tauri. Hotunan da aka ɗauka a ƙarƙashin kumbon na nuna wurin a share, da zane-zanen da suka fita daga tsakiya.

Sawun takalmin Aldrin da ya shahara ma an ce ƙarya ne, wai busasshen yashi ba ya riƙe sawu sai da laima. Gaskiya ne a kan yashi mai mulmulallun ƙwayoyi. Ƙwayoyi masu ƙugiya kuwa suna sarƙe juna su tsaya yadda aka danna su. A 'yan shekarun nan an yaɗa hoton rigar Armstrong da ke gidan tarihi, ana nuna tafin takalminta sumul ne alhali sawun na da tsage-tsage. Abin da ba a faɗa shi ne, akwai wani takalmin da suke ɗorawa a kai in za su fita, an kuma bar na Apollo 11 a can don rage nauyi.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin fim ɗin da aka ɗauka a Afrilun 1972, John Young na tuƙa motar Apollo 16 Charles Duke na ɗauka. Tayoyin na watsa gari sama, ya lanƙwaso ya zube tsaf, ba ya barin hazo ko kaɗan. Masu shakka na cewa rage gudun fim aka yi. Rage gudu na iya kwaikwayon sauƙin nauyi, amma ba ya cire iska daga ɗaki. A 2012 Hsiang-Wen Hsu da Mihály Horányi na Jami'ar Colorado suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya suka auna tafiyar garin, lissafin ya dace da wurin da ba iska, mai jan ƙasa irin na wata.

Sai ƙasar kanta. Masana a ƙasashe da dama sun shekara fiye da hamsin suna bincikenta, suna samun iskar rana irin su hiliyam a danƙare cikin ƙwayoyin, da ƙananan ramukan duka a jikin duwatsun, abubuwan da ba sa samuwa a ƙarƙashin iskar duniya. Sobiyet, wadda ta fi kowa son tona asirin Amurka, ta kwaso kimanin giram 300 da na'urorinta Luna 16, 20 da 24 tsakanin 1970 da 1976, ƙasashen biyu suka yi musayar samfuri, ba ta taɓa cewa na Amurka jabu ne ba. Masu cewa duwatsun wata da suka faɗo Antatika aka tsinto sun manta cewa sai a farkon shekarun 1980 aka fara gane irin waɗannan duwatsu, ta hanyar gwada su da na Apollo.

Ita ma NASA ta ba da ƙofa da sakacinta. A 2009 ta amsa cewa faya-fayan asali na hoton Apollo 11 an goge su an sake amfani da su. A shekarar kuma aka gano wani dutse da gidan tarihi na Rijksmuseum a Holan ke nunawa a matsayin na wata, ashe itace ne da ya zama dutse. Dutsen kyauta ce da aka ba wani tsohon firayim minista, bai fito daga ma'ajiyar Houston ba, amma labarin ya riga ya zaga duniya.

2008 zuwa yau

A 2008 kumbon Kaguya na Japan ya hango wani fili mai haske a wurin saukar Apollo 15, inda injin ya share garin sama. A 2009 Amurka ta harba kumbon LRO, a 2011 aka sauko da shi har kusan kilomita 21 daga doron wata, ya ɗauko hotunan gindin kumbunan da aka bari, da kayan aiki, da duhun layukan da ƙafafu da tayoyi suka zana. Masu shakka suka ce ai NASA ce ta ɗauka. A 2021 Chandrayaan-2 na Indiya ya ɗauki wuraren saukar Apollo 11 da 12, ga gindin kumbunan nan a wurinsu.

Tambayar hasken da Surveyor ya gani kuwa ba ta rufu ba. Kumbon LADEE, da ya zagaya wata daga 2013 zuwa 2014, ya samu siririn gajimaren ƙura da dukan ƙananan duwatsu ke tayarwa, amma bai samu mai kaurin da wasu suka yi tsammanin caji na ɗagawa can sama ba. Sin ta kawo giram 1,731 na ƙasar wata a Disambar 2020, ta ƙara da kusan kilo biyu daga bayan wata a Yunin 2024. A Maris 2025 kumbon Blue Ghost na kamfanin Firefly ya sauka ɗauke da kyamarorin da suka ɗauki yadda wutar injin ke sharar ƙasa, da wata na'ura ta NASA mai siraran wayoyi a jikin gilashi, da ke amfani da lantarki ta tunkuɗe ƙurar da ta manne. Na'urar ta yi aiki. Kumbunan da ake ƙerawa don shirin Artemis, mai niyyar kai mutane kusa da ƙuryar kudancin wata, sun ninka na Apollo nauyi sau da yawa, kuma injiniyoyi na lissafin nisan da ya kamata a bari tsakanin wurin sauka da wurin zama, don kada garin da injin zai watsa ya kankare kayan da aka riga aka kafa.